Harshe Biyu Cikin Inji Guda: Tarihin BASIC, Asambili da Ƙugiyar Ƙ

A shekarar 1982 ne wasu ƙananan kwamfutoci guda biyu suka shiga kasuwa: ZX Spectrum a Ingila cikin watan Afrilu, sai Commodore 64 a Amurka cikin watan Agusta. Ba su zo da allon kansu ba. Talabijin ɗin gida ake jona masu, aikin da mutum ya yi kuma ya ajiye shi cikin kaset irin na waƙa. Wanda duk ya kunna ɗaya daga cikinsu, harshen BASIC zai tarar yana jiran umarni. Sai dai wasannin da suka burge yaran wancan zamani, da launuka masu gudu da rubutu mai tafiya a ƙasan allo, BASIC shi kaɗai ba ya iya su. Akwai harshe na biyu a ƙarƙashinsa, wanda ake kira asambili, kuma gwanayen lokacin surka su biyun suke yi cikin aiki guda.

Ƴan'uwa ɗalibai, mu da muka tashi da Hausa a gida da Faransanci a lakwal, surkin harsuna ba baƙonmu ba ne. Amma abin da ya sa na ɗauko wannan tarihi ya wuce kamanni. Dabarar da waɗannan yara suka yi wasa da ita, ita ce dai za ta iya zana ƙ da ɗ da ɓ da ƴ a kan allo tun 1982. Me ya sa to har yau saƙon da ke zuwa daga Kona ko Mayahi yake zuwa ba ƙugiya?

Tafinta da mai gida

An ƙirƙiro BASIC a 1964 a kwalejin Dartmouth ta Amurka. Malamai biyu ne suka yi shi, John Kemeny da Thomas Kurtz, don ɗalibin da ba lissafi yake karanta ba shi ma ya iya ba inji umarni. Kalmominsa na Ingilishi ne, irin su PRINT da GOTO da IF. Na cikin Commodore 64 daga kamfanin Microsoft aka sayo shi.

To amma ƙwaƙwalwar injin, wadda ake kira 6510, ba ta jin ko kalma ɗaya daga cikin waɗannan. Lambobi kawai take ji, daga 0 zuwa 255. Saboda haka akwai tafinta a tsakani, kuma sunan da masana suka ba shi ke nan. Ku tuna yadda kakanninmu ke ba da labarin zamanin kumandan a Tasawa: mutum ya faɗi ƙararsa, tafinta ya juya, kumandan ya amsa, tafinta ya sake juyawa. Maganar da za a gama cikin minti ɗaya sai ta ci biyar. Tafintan BASIC ya ma fi wancan nawa, don shi ba ya riƙe abin da ya riga ya fassara. In ka ce a maimaita layi guda sau dubu, sau dubu zai sake duba kowace kalma.

Asambili shi ne magana da mai gida kai tsaye. Kowane umarni na ƙwaƙwalwar an ba shi ɗan gajeren suna mai harafi uku: LDA, ɗauko lamba, STA, ajiye ta, JMP, tsallaka zuwa wuri kaza. Sau ɗaya ake juya waɗannan sunaye su koma lambobi, daga nan ba sauran tafinta. Wahalarsa ita ce ba ya da babbar kalma. Ko ninka lamba biyu kake so, sai ka gina shi da kanka daga tarawa, don 6510 ba ta da umarnin ninkawa.

Tsere da tsinken haske

Mai karatu zai iya cewa, to in an ɗan jira mene ne? A lissafin kuɗin shago ba komai. A kan allo kuwa jira ba ya yiwuwa, kuma dalilin yana cikin tsohuwar talabijin mai ƙaton ciki, irin wadda har yanzu ake gani a wasu gidaje. Hoton da ke kanta ba a tsaye yake ba. Wani tsinken haske ne ke shara daga hagu zuwa dama, layi bayan layi, daga sama har ƙasa, ya koma ya sake, sau 50 cikin sakan guda. Ido ne ke haɗa su ya ga hoto.

A Commodore 64 na Turai, layi 312 ne a kowane zagaye. Ƙwaƙwalwar tana bugawa kusan sau miliyan ɗaya a sakan, wato kowane layi bugu 63 kawai yake samu, zagaye duka kuma 19,656. Umarni guda na asambili yana cin bugu 2 zuwa 7. Umarni guda na BASIC yana cin dubbai. Kafin tafinta ya gama juya "sauya launi", tsinken ya riga ya share layuka da dama ya wuce.

Ga abin da ya ƙara tsananta lamarin: BASIC na Commodore ba ya da umarnin zane ko na sauti ko ɗaya. Injin yana da launi 16 da ƴan tsana 8 masu yawo a kan allo, amma hanyar taɓa su ɗaya ce, umarnin POKE, wanda ke jefa lamba cikin wani gurbi na rumbun injin. Rumbun yana da gurbi 65,536, kowanne da lambarsa. Gurbi na 53280 shi ke riƙe launin bakin allo, na 53281 launin tsakiya, na 53266 kuma yana faɗin layin da tsinken yake kai a daidai wannan lokaci. Yaron da ya haddace waɗannan lambobi, ƙafarsa ɗaya ta riga ta shiga harshen ƙasa ko bai sani ba.

Yadda ake surkin

Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce a ɓoye harshen inji cikin BASIC a siffar lambobi. Ga misali cikakke, layi uku:

10 FOR I=0 TO 5:READ A:POKE 49152+I,A:NEXT
20 SYS 49152
30 DATA 238,32,208,76,0,192

Layi na 10 BASIC ne zalla: yana karanta lambobi shida ya jera su daga gurbi na 49152, wani fili da BASIC ba ya taɓawa. Layi na 20 yana cewa tafinta ya koma gefe. Lambobin shida kuwa umarni biyu ne: ukun farko, ƙara ɗaya a launin bakin allo; ukun ƙarshe, koma farko. Zagayen yana cin bugu 9. Raba 63 da 9, ka ga launin yana sauyawa sau 7 kafin tsinken ya gama layi guda. Bakin allon sai ya cika da ratsi-ratsi kamar zanen saƙi. In da BASIC ka yi, ɓalli-ɓalli masu faɗi kawai za ka gani suna ƙyaftawa.

Kowane inji da tasa ƙofar. A Spectrum ana cewa RANDOMIZE USR. A ZX81, yayan Spectrum na 1981, cikin layin REM ake cusa lambobin, layin da aka tanada don mutum ya rubuta bayani, tafinta kuma tsallake shi yake yi. A Faransa, injin Thomson MO5 na 1984 yana da EXEC. Wanda ya fi kowa karɓar surkin hannu biyu shi ne BBC Micro na 1981, wanda Sophie Wilson ta rubuta ma BASIC: a nan kana cikin rubutu sai ka buɗe baka mai kusurwa, ka zuba asambili da sunayensa, ka rufe, ka ci gaba da BASIC.

Mujallu ne suka yaɗa wannan ilimi. A Faransa akwai Hebdogiciel, mai fitowa kowane mako daga 1983 zuwa 1987, a Amurka akwai Compute!'s Gazette. Sukan buga shafi bayan shafi na layukan DATA, yaro ya kwana yana kwafa da yatsa biyu. Lamba ɗaya ta kuskure, injin ya sandare, sai a kashe a sake daga farko. Shi ya sa aka riƙa haɗawa da jimillar dubawa a ƙarshen layi.

Babbar dabarar ita ce wadda zan kira katse hanzari. Kana rubuta lambar layi cikin gurbi na 53266, ka ce ma guntun da ke kula da hoto, in tsinke ya iso nan ka taɓa ni. Da ya iso, ƙwaƙwalwar ta ajiye abin da take yi, ta gudanar da ɗan guntun asambili, ta koma inda ta tsaya. BASIC na can yana tafiyarsa a hankali, bai ma san an katse shi sau 50 cikin sakan ba. Da wannan ake raba allo gida biyu, sama da launi daban, ƙasa da launi daban. Da shi ake sa ƴan tsana 8 su zama 16 ko fiye: da tsinke ya wuce ta sama, sai a ɗauke ta a maido ta ƙasa kafin ya iso, ido ya ga biyu. Wasan Elite na 1984, na David Braben da Ian Bell a kan BBC Micro, da irin wannan katsewa ya haɗa tsarin allo biyu da masu injin ba su ce za su haɗu ba: sama zane mai laushi launi biyu, ƙasa launi huɗu. Daga wannan wasa da allo ne aka samu ƙungiyoyin matasa masu gasar nuna gwaninta a Turai, al'adar da Finlan ta saka cikin jerin gadonta na ƙasa a 2020.

Abin da kimiyyar harshe ke gani

A littafinta na 1993 kan surkin Swahili da Ingilishi a Nairobi, Carol Myers-Scotton ta ce in mutum ya surka harshe biyu, ɗaya ne ke riƙe ginin jimla, ɗayan kuma tsibirai yake sakawa a ciki. Ɗalibin da ya ce "ban samu bourse ɗina ba" Hausa yake yi, kalma ɗaya ya aro, har ya liƙa mata ɗina. Haka layuka ukun can na sama suke: BASIC ne ke buɗewa, shi ke tsara abu, shi ke karɓar abin da mutum ya buga, asambili tsibiri ne da ake shiga inda sauri ya zama dole.

Akwai kuma wani abu. BASIC na injina daban-daban kamar Katsinanci da Damagaranci ne, da ɗan gyara ana fahimtar juna. Asambili kuwa kowace ƙwaƙwalwa da nata: 6510 a Commodore, Z80 a Spectrum, 6809 a Thomson. Tsakaninsu kamar Hausa da Zabarmanci ne. Lambobi shidan nan, in ka kai su Spectrum, shirme ne. Harshen ƙasa yana ba ka iko a gida ɗaya, amma ba ya tafiya. A riƙe wannan, don shi ne zai warware tambayarmu ta farko.

Lamba takwas

Harafi a kan waɗannan injina ɗan fili ne mai ɗigo 8 a tsaye, 8 a kwance. Kowane jeri lamba ɗaya ce, bayit guda, abin da a lakwal ake ce ma okte. Ɗigon da ke can hagu darajarsa 128, mai bi masa 64, haka ana rabawa biyu har zuwa 1. Ka tara na waɗanda ka cika, ka samu lambar jerin. Ku ɗauki takarda mai gida-gida ku gwada waɗannan daga sama zuwa ƙasa: 56, 100, 96, 108, 120, 108, 102, 0. Abin da zai fito ƙaramin ƙ ne da ƙugiyarsa.

Haruffanmu masu ƙugiya huɗu ne, manya da ƙanana takwas. Takwas sau takwas, bayit 64 ke nan cikin 65,536. Spectrum ya tanadi gurbi 21 don haruffan da mai inji zai zana da kansa, mu takwas kawai muke bukata. MO5 yana da umarnin DEFGR$ don wannan aiki. A Commodore sai an fara kwashe haruffa 256 daga inda aka ƙone su, bayit 2,048, a kai inda za a iya gyara su. Da BASIC kwasar tana wuce sakan 10 mutum na zaune yana kallon allo. Da asambili bugu dubu 33 ne ko ƙasa, kafin ka ƙifta ido. Nan ma surki ne: asambili ya kwaso, BASIC ya zuba ƙugiya.

Larabawa ba su tsaya nan ba. Kamfanin Al-Alamiah na Kuwait, na Muhammad al-Sharikh, ya ɗauki injinan MSX na Japan cikin shekarun 1980 ya fitar da su da sunan Sakhr. Rubutun Larabci ya fi namu na boko wuya nesa ba kusa ba, duk wanda ya yi makarantar allo ya sani: daga dama yake farawa, harafi kuma yana sauya siffa a farkon kalma da tsakiya da ƙarshe. Amma sun ƙone haruffan cikin injin kansa, suka buga su a kan kilabiye, har da manhajar Alƙur'ani. Duk wanda ya sayi Sakhr, alif ɗinsa a wuri ɗaya yake da na maƙwabcinsa.

Mu a lokacin

A ce wani abu game da halin da ake ciki a gida, kada a ɗauka sakaci ne. Commodore 64 dalar Amurka 595 ya fito. Shekarar da MO5 ya fito, 1984, ita ce shekarar farin da mutanen ƙasar Maraɗi ke kira El-Buhari, don ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. A Janairun 1985, lokacin da firaministan Faransa Laurent Fabius ke shelar cika makarantun ƙasarsa da injinan Thomson, mutanen Kona da Tasawa da Mayahi tiyar hatsi suke nema. Ba mai hankalin da zai tambaye su ina ƙugiya.

Duk da haka, aikin harshe bai tsaya ba. Ƙugiya ta zauna a rubutun boko tun shekarun 1930 a Zariya, inda Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939. Taron UNESCO na Bamako a 1966 ya duba rubutun harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A 1978 aka yi taro a Yamai da ya fitar da jerin haruffa na bai ɗaya don harsunan Afirka, a 1980 kuma aka sake zama a Yamai don daidaita rubutun Hausa tsakanin Nijar da Najeriya. Ka ga ke nan a kan takarda an riga an shirya.

Inda aka makara shi ne wajen lamba. Tsarin ASCII na 1963, wanda yawancin kwamfutoci suka gada, gurbi 128 gare shi, kuma don Ingilishi aka yanka shi. Ko é na Faransanci ba ya ciki. Wanda ya zana ƙ a injinsa dole ya aro gurbin wani harafi. Ni na sa shi a gurbin q, kai ka sa shi a gurbin x. Na aiko maka da rubutu, sai ka ga "qasa" inda na rubuta ƙasa. Wannan matsala ta bi mu har zamanin manyan kwamfutocin ofis, inda kowace maɗaba'a ke da nata zanen haruffa, rubutu kuma ya lalace da zarar ya bar injin da aka buga shi.

Unicode, wanda ya fito a 1991, shi ya ba kowane harafi lamba ɗaya a duniya duka: ƙ ya samu 0199, ɗ 0257, ɓ 0253, ƴ 01B4, a ƙidayar goma sha shida da masu kwamfuta ke yi. Har yau tabon tarihin yana nan. Ƙananan ɓ da ɗ suna cikin rukunin alamomin furuci na masana, manyansu kuma suna wani rukuni daban na haruffan boko. Ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar ta 1999 ta tsaya a kan ƴ, Najeriya kuma na rubuta shi da alama kafin y, don haka kalma guda tana da lambobi iri biyu a intanet.

Sannan ga salula. Saƙon tes na tsarin GSM yana ɗaukar harafi 160 in duk haruffan suna cikin ɗan jerin da Turawa suka tsara. Ƙ guda ɗaya ya shiga, saƙon ya koma wani tsari mai ɗaukar 70 kawai, wato abin da za a biya sau ɗaya sai a biya sau biyu ko uku. Ƙananan salula masu maɓalli kuma yawancinsu ba su ma da harafin. Mutane suka saba, aka koma rubuta kafa a wurin ƙafa, bari a wurin ɓari, da a wurin ɗa, baki a wurin baƙi. Bahaushe na ganewa daga zancen. Yaron da ke koyon karatu da injin da ke fassara ko neman kalma, su ba kullum suke ganewa ba.

Yau WhatsApp ba ya cajin ƙugiya, kilabiyen Gboard kuma yana da Hausa, ana sakawa cikin minti biyu. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Abin da zai cika rumbunan kwamfuta da wannan harshe shi ne abin da mu ɗalibai muke bugawa kullum, da ƙugiya ko babu. Wanda ke son ya ga tarihin da idonsa, akwai manhajar VICE, kyauta ce, tana mayar da kwamfutar yau ta zama Commodore 64. Ya buga layuka ukun nan ya ga ratsin, sannan ya gwada lambobi takwas ɗin. In ya yi ƙ, saura bakwai, ya zana su ya kawo ma ƙungiya mu buga a fitowa ta gaba.